Sakan Arba'in da Uku na Marlys Tveit

Sakan arba'in da uku, da yawa ne ko kaɗan? In kana jiran ruwan kofi ya tafasa, ba komai ba ne. Amma in kana zaune a ɗakin sa ido na ƙungiyar wayarmu, layuka huɗu suna ƙara lokaci guda, kowa yana tambayar me ya sami intanet ɗinsa, kai kuma ka zuba wa allo ido kana jira ya gaya maka na'urar wa ce ta mutu, to za ka san tsawonsu. Na auna su da agogon hannuna sau ɗari biyu da sha ɗaya. Wanda ya fi sauri sakan arba'in da ɗaya ne, wanda ya fi nawa arba'in da shida. Matar da ta haifar da wannan jiran, ita ce kuma ta kashe shi, sunanta Marlys Tveit.

An haifi Marlys a 1958, a wata gonar alkama da dankali mil tara arewa da garinmu Osnes, ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya shida. Tana da shekara ashirin da ɗaya ta shiga ƙungiyar, a teburin gaba, tana amsa waya. Duk wanda ya kawo ƙorafi sai ta ɗauko kati ta rubuta sunansa da abin da ya lalace, ta jera a akwati. Da kwamfuta ta shigo ofis, maza suka zagaye ta suna kallo, ita kuwa ta yi rajistar karatun yamma a birnin Grand Forks. Mil saba'in zuwa, saba'in dawowa, sau biyu a mako, makonni talatin da huɗu cikin hunturu biyu. Na taɓa lissafa mata, mil dubu tara da ɗari biyar da ashirin. Ta kira sunana ta ce, "Sobolik, wa ya aike ka?"

A 1999 ta rubuta manhajar da muke sa ido da ita, ta sa mata suna Tippy, sunan karen gidansu wanda yake yin haushi tun mota tana kwanar titi. Aikin Tippy ba shi da wuyar fahimta. Kowane minti takan tambayi duk akwatin intanet da muka kafa, a gida ko rumbu ko coci, ko yana nan. Wanda ya yi shiru sai ta buga ƙararrawa. Sai dai ƙararrawar ba ta zuwa da suna, da adireshi take zuwa, lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu. Dole Tippy ta je ta nemo mai wannan adireshin kafin mu san inda za a tura mota.

A nan matsalar take. Marlys ta gina Tippy kamar yadda take jera katunanta: kowane akwati da fayil ɗinsa, bisa jerin zuwansu. In ana neman adireshi, Tippy ta buɗe fayil na farko, ta duba, ta rufe, ta buɗe na biyu, haka har na ƙarshe. Shekarar da ta rubuta ta fayiloli ɗari takwas ne, kafin ka ƙifta ido an gama. Daga nan jiran ya riƙa ƙaruwa da kamar sakan biyu duk shekara, ba wanda ya lura. Lokacin da na zo, shekara shida kafin wannan labari, abin ya riga ya zama al'ada: ka danna, ka tashi ka zuba kofi, ka dawo ka tarar da amsa. Amsar ma ba suna ɗaya ba ce. Adireshi yakan wuce daga hannun wani zuwa wani, don haka sai ta jero maka sunaye huɗu ko biyar, duk wanda ya taɓa riƙe shi. Mutanen ofis ba sa ko tsayawa, sun san wanda ya rasu da wanda ya sayar da gona ya koma Arizona. Ni baƙo ne. A makona na biyu na kira wata tsohuwa na ce ta ba ni mijinta, ashe shekararsa tara a ƙasa.

Ranar Laraba ta biyu a watan Oktoban 2018, ƙarfe biyu da minti goma na rana, wata motar haƙa da ke shimfiɗa bututun ruwa a gonar dankali ta datse babbar wayarmu ta gabas. Ƙararrawa ɗari tara da sha biyu suka shigo cikin minti ɗaya. Tippy tana iya neman takwas a lokaci guda. Ka lissafa da kanka: awa ɗaya da minti ashirin da biyu kafin ta gama gaya mana su wane ne. Cikin waɗanda intanet ɗinsu ya ɗauke har da gidan kula da tsofaffi, sai da shugabarsu ta kira mu da wayar hannunta sau uku kafin mu tabbatar. Ba wanda ya cutu, amma magana ta zaga gari kafin a rufe shagon burodi.

Washegari da ƙarfe goma, lokacin kofi, manajanmu Orrin Klabunde ya shigo. Mutum ne da ba ya son faɗar abu marar daɗi, sai da ya ci rabin gurasar kirfa kafin ya buɗe baki.

"Marlys, kwamiti ya kira ni."

"Na sani. Shugabar kwamitin, Verna, ta tare ni a gidan mai."

"Akwai wani kamfani a birni. Su za su riƙa sa mana ido daga can, da tasu manhajar. Za su zo su nuna a taron Fabrairu."

"Tippy fa?"

Orrin ya dubi kofinsa. "Sai ta huta. Ke kuma ai teburin gaba yana neman wanda ya san mutane."

"Na san teburin gaba, Orrin. Ni na zaɓi kujerar da ke wajen."

Dewey Pelkey, babban mai hawan turakun wayarmu, yana tsaye jikin firji da hular sanyi a kansa. Ya ce, "Tsohuwa, ki kwantar da hankalinki. In na kira na ce wayata ta lalace, ki rubuta mini kati mai kyau."

"Kai biri, wayarka ba ta lalacewa, hannunka ne ba ya iya danna ta."

Ba wanda ya yi dariya sosai. Marlys ta juya ga Orrin ta tambaye shi me kwamiti yake so, a faɗa mata da lamba. Ya ce abu biyu: amsa ta fito ƙasa da sakan ɗaya, kuma suna ɗaya, ba biyar ba, don a iya tura wa ma'aikata saƙo kai tsaye ba sai wani ya zauna ya zaɓa ba. In Tippy ta yi wannan a gaban kwamiti, za a saurare ta. In ba ta yi ba, an gama. Marlys ta ce in an gama da Tippy ita ma gida za ta tafi, ba za ta rufe shekara arba'in a inda ta fara ba. Na duba kalanda. Kwana ɗari da ashirin da biyar.

Ni abin da na iya shi ne ƙirge, shi ya sa suke ce mini Mai Ƙirge. Kafin azahar na kawo mata lambobi biyu a takarda. Fayilolin Tippy dubu sittin da ɗaya da ɗari biyu da takwas. Adireshin da suke amsawa da rai, dubu sha huɗu da ɗari bakwai da talatin. Sauran dubu arba'in da shida da ɗari huɗu da saba'in da takwas na akwatunan da aka cire ne, da gonakin da aka sayar, da mutanen da suka rasu. Shekara sha tara ba a taɓa share ko ɗaya ba.

"A share su," na ce. "Yau ɗin nan. Kashi uku cikin huɗu na aikin ya tafi."

"A'a."

"Marlys, matattun fayiloli ne."

"Na ji ka. A'a."

Ban haƙura ba. Na kwafe komai zuwa kwamfutar gwaji, na bar wa kowane adireshi mai rai fayil ɗinsa na ƙarshe, na share sauran. Na danna, na duba agogo. Sakan goma da ɗigo uku. Ya ragu, amma ya ninka abin da kwamiti yake so sau goma. Sannan na kira Dewey ya duba mini sunaye ashirin. Ya sa tabarau, ya bi su da yatsa, ya ce uku ba daidai ba ne. Ashe in ma'aikaci ya mayar da tsohon akwati wani gida, tsohon fayil yake buɗewa ya ci gaba da rubutu, don haka na ƙarshe ba kullum shi ne mai rai ba.

"Kuma ina bayanan?" ya ce.

"Wane bayani?"

Ya buɗe mini wani tsohon fayil a Tippy ta gaske. A ƙasan adireshin akwai rubutu layi bakwai, hannu daban-daban, shekaru daban-daban. Kada a zo lokacin tatsar shanu. Wayar ta bi bayan rumbu ne, ba gaba ba kamar yadda taswira ta nuna. Gadar rafin ba ta ɗaukar babbar mota. Matar gidan ba ta ji sosai, a ƙwanƙwasa da ƙarfi.

"Mai gidan ya rasu, ɗansa ne a ciki yanzu," Dewey ya ce. "Amma gadar tana nan yadda take. Ka share wannan, kai za ka zo ka fito da ni daga rafi?" Ya cire tabaran, ya rage murya. "Kuma shagon walda na Arlen yana ciki. Mijin Marlys. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa. Ita da kanta ta rubuta a fayil ɗinsa cewa kada a yarda ya taya aiki, zai ɓata rabin yini da hira. Kai Mai Ƙirge, ba komai ake cewa a share ba."

Na koma wajenta na ce na janye maganata. Ba ta ɗago daga allo ba. Ta ce, "Ja kujera. Sakan goma ɗinka ya yi amfani, ya nuna mana ba yawan mutane ne ciwon ba, hanyar nema ce."

Ba wai ba ta san maganin ba. An koya mata shi a Grand Forks tun kafin in gama firamare. Fihirisa ake ginawa. Lambobi huɗun nan na adireshi kamar gunduma ne da gari da titi da gida. Lambar farko ta kai ka reshe ɗaya ta bar sauran duka, ta biyu ta kai ka ƙaramin reshe, kafin ta huɗu kana bakin ƙofa. Taki huɗu maimakon dubu sittin da ɗaya. Abin da ya hana ta tun da can shi ne, ba a taɓa matsa mata ba, kuma ta san ranar da ta taɓa wannan wurin sai an tambaye ta wa ke ciki wa ke waje.

Kwana tara ta yi tana rubutawa, daga takwas na safe zuwa biyar, ƙofa a rufe, ni ina riƙe mata wayoyi. Layi ɗari shida da arba'in ta ƙara, ta cire ɗari biyu da sha ɗaya. A rana ta goma ta kira ni.

"Kawo agogon naka."

Ta danna. Kafin babban yatsana ya sauka kan agogo amsa ta fito. Muka sake, haka. Sai da muka sa kwamfutar ta auna kanta: kashi uku cikin goma na sakan. Na ce mun gama da sharaɗin farko, a kira Orrin. Ta ce ba yanzu ba. Fihirisar tana zaune a ma'ajiya ne, duk tambaya sai an je an ɗauko ta. Ta ƙara kwana biyu ta mayar da ita cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, inda take a buɗe kullum, in an kafa sabon akwati a gyara reshensa kaɗai. Muka sake aunawa. Kashi huɗu cikin dubu na sakan. Na raba arba'in da uku da wannan, ya ba ni dubu goma da ɗari bakwai da hamsin. Na rubuta lambar a allon bango da jan alƙalami, Dewey ya zo ya zana kare a gefenta.

Sai dai har yanzu sunaye biyar take kawowa, da sauri kawai take kawo su.

A nan Marlys ta yanke shawarar da ta tsare komai. Fihirisa za ta riƙe masu rai kaɗai, adireshi ɗaya suna ɗaya. Sauran ba za a share su ba. Kowane tsohon fayil za a ɗaura shi a bayan mai ran da ke zaune a wannan gonar yanzu, ta yadda in ka buɗe ɗa za ka ga bayanan gidan tun zamanin ubansa. Muka haɗa fayilolin da rajistar mambobi, kwamfuta ta daidaita mafi yawansu cikin yini ɗaya. Dubu uku da ɗari da shida suka ƙi. Rumbuna ne da famfunan ban ruwa da ɗakunan taro, waɗanda aka rubuta da sunan kaka, ko da laƙabi, ko kuma aka ce kawai "tsohon wurin Moen", alhali akwai Moen goma sha ɗaya a gundumar. Ba wanda ya taɓa rubuta cewa wane ya rasu. Wani ya rubuta "ya tafi", wani ya rubuta "duba wajen surukinsa", mafi yawa ba su rubuta komai ba, don a garin da kowa ya je jana'izar, wa zai zauna ya rubuta?

Na lissafa: in mu biyu ne, muna kiran waya muna tambaya, fayil ashirin a yini, sai bayan Mayu. Marlys ta ɗauki waya ta kira mutum biyar, duk tsofaffin ma'aikatan waya da suka yi ritaya. Ba ta roƙe su ba. Ta ce musu ranar Talata da ƙarfe tara akwai kofi da kek a ɗakin taro, kuma Dewey ya ce babu wanda ya kai shi sanin gundumar nan. Duka biyar suka zo, ɗaya da sanda.

Babbansu Clifford Aune ne, shekara tamanin da uku. Ni ina haska fayil a bango, ina karantawa da ƙarfi, su suna gardama.

"Rumbun ja, titi na sittin da biyu."

"Na Ole ne."

"Wane Ole? Ole ya sayar tun shekarar ambaliya."

"Ya sayar da gona, bai sayar da rumbu ba. Rumbun ya ba 'yarsa, wadda ta auri ɗan makanikin nan."

"Clifford, rumbun nan ba ja ba ne tun ina da gashi."

"To ai ka ga ya daɗe."

Marlys tana gefe tana bugawa. In biyu sun yarda, ta ɗaura. In sun rabu, ta ajiye a gefe, Dewey ya biya ta wajen in aiki ya kai shi. Talatar farko fayil ɗari da casa'in muka yi. Ta uku ɗari biyu da sittin, don sun daina ba da tarihin kowane aure. Dusar ƙanƙara ta hana mu Talata biyu, Kirsimeti da sabuwar shekara suka ci biyu. A Talata ta sha biyu da muka zauna, mako guda kafin taro, saura fayil sha huɗu, kuma duk gundumar ba wanda ya san su. Marlys ta buɗe musu wuri na musamman ta ajiye su. Kek ashirin da shida aka ci, na ƙirga. Shagon Arlen ita ta ɗaura shi da hannunta a bayan mutumin da ya sayi wurin, ba ta tambayi kowa ba.

Ranar taro ma'aunin sanyi yana ashirin da biyu ƙasa da sifili. Mambobin kwamiti bakwai, duk manoma, suka zauna da rigunan sanyi a bayan kujeru. Verna Lindtwed ce shugaba, mace mai shanu ɗari uku da gajeren haƙuri. Mutumin kamfanin ya fara, kuma gaskiya ya iya aikinsa. Allonsa yana da kyau, taswira mai launi, amsa cikin rabin sakan. Orrin ya ba shi ƙararrawa ɗari tara da sha biyun nan na Oktoba, waɗanda muka adana, ya zuba wa manhajarsa. Minti ɗaya da sakan hamsin ta gama. Kwamiti suka gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, ba ƙaramin abu ba ne.

Marlys ta tashi da rigar saƙa mai ruwan toka, ba ta da takarda ko ɗaya. Ta ce, "Allona bai kai nasa kyau ba, kada ku sa rai. Sobolik, zuba."

Na zuba, na danna agogo. Sunaye suka gangaro, kowane adireshi suna ɗaya, gidan kula da tsofaffi a sama da jan layi. Na tsayar da agogo. Sakan shida, kuma biyar daga ciki allon ne yake fama da zana rubutu.

Verna ta ce, "Sake." Na sake. Sakan shida.

"Wannan kun shirya shi," in ji ta. "Nemo mini rumbun da nake tatsar shanu. Ba gidan ba, rumbun."

Mutumin kamfanin ya buga, ya samo shi nan take, suna da adireshi daidai. Marlys ta buga, ya fito, da layuka a ƙasansa tun zamanin mahaifin Verna. Verna ta ce a karanta. Na duba Marlys, ta ɗaga mini gira, na karanta.

"Kare yana cizo. Kare ya mutu, 2011. Sabon kare ya fi na da. A shiga ta ƙofar kudu, ta arewa tana daskarewa. In Verna ta ce minti biyar za ta ɗauke ka, ka zo da abincin rana."

Dariya ta ɓarke har da mutumin kamfanin. Verna ba ta yi ba, sai da ta gama kallon Dewey, wanda ya sami abin dubawa a silin. Sannan ta juya.

"To, Marlys. Tana da sauri, na gani. Amma shekararki sittin. Ranar da kika ce kin gaji, ko motar hatsi ta bi ta kanki, mu kama wa?"

Wannan tambayar ce na ji tsoro tun Oktoba, kuma ban san ta shirya mata ba. Ta je allon bango ta zana akwati uku. Ta ce yanzu Tippy dunƙule ɗaya ce, komai a cikin komai, shi ya sa ita kaɗai ke iya taɓa ta. Cikin shekara biyu za ta raba ta uku. Ɗaya aikinta tambayar akwatuna ko suna nan, ba ruwanta da suna. Ɗaya ita ce fihirisa, ba ta san komai ba sai wa ke da wane adireshi. Ta uku ita ke nuna wa mutane, a allo ko a wayar ma'aikaci yana kan turke. In ɗaya ta tsufa a cire ta a sa sabuwa, sauran ba su sani ba. Sabbin adireshi masu tsawo da ke zuwa, reshe ne kawai za a ƙara. Kowane kashi za a rubuta bayaninsa da harshen da sabon ma'aikaci zai gane, kuma ba za a karɓi kashi ba sai wani wanda ba ita ba ya gyara shi sau ɗaya ita tana waje. Daga yau kuma Tippy za ta riƙa auna kanta, ranar da nema ya wuce kashi ɗaya cikin goma na sakan ta buga wa kanta ƙararrawa.

"Abin da ya ci ni ke nan," ta ce. "Shekara sha tara tana lura da kowa, ba mai lura da ita."

Aka kaɗa ƙuri'a, shida da ɗaya. Wanda ya ƙi ya ce shi taswira mai launi yake so, Marlys ta ce zai samu a kashi na uku in ya yi haƙuri. Orrin ya fito yana share tabarau, ya riƙe hannun Marlys da hannu biyu. Dewey ya ce, "Tsohuwa, teburin gaba ya yi asara." Ta ce, "Je ka hau turkenka." Kafin bazara ƙungiyoyin waya uku na maƙwabta suka aiko mutanensu su ga fihirisar, biyu suka tafi da ita.

Litinin ɗin da ta biyo bayan taro na iso da jerin abubuwa talatin da ɗaya da nake ganin ya kamata sabuwar Tippy ta yi. Marlys ta karanta har ƙarshe, ta ninke takardar ta ba ni. Ta ɗauko farar takarda ta manna a gefen kowane tebur, da fensir ɗaure da zare. Ta ce mako guda, duk wanda ya nemi wani abu a Tippy ya rubuta abin da ya nema, in ya sake nemansa ya ja layi a gabansa. Ba za ta zana komai ba sai ta ga takardun. Ranar Juma'a na tattara na ƙirga, layi dubu ɗaya da ɗari huɗu da biyu. Fiye da rabi tambaya ɗaya ce: su wa kuma ke kan wannan wayar? Ba ta cikin talatin da ɗayana. A kanta aka fara gina sabon tsarin.

Kai ma akwai abin da kake nema kullum a wajen aikinka, a kwamfuta ko a durowa ko a tarin takardu. Manna farar takarda a gefen teburinka ranar Litinin, ka rubuta duk abin da ka nema, ka ja layi duk lokacin da ka sake. Kada ka gyara komai tukuna. Ranar Juma'a ka ƙirga, ka ga wanne ya fi layi, shi za ka fara kawowa kusa da hannunka. Don Allah ka gwada, mako ɗaya kawai.